Yadda ake zaɓa wa sabuwar tarakta baƙin mai, da yadda ake yi mata juyen farko

Duk shekara idan Maris ya kama, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Mangu da Bokkos, garejinmu da ke Bukuru yakan cika da masu tarakta, kowa yana son ya shirya kafin ruwan farko ya sauka. A cikinsu waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu sabuwa. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ko ƙungiya ta ci bashi ta sayo tarakta fil a leda, amma da an zo maganar baƙin mai sai a aiki yaro kasuwa a ce ya sayo "mai kauri mai kyau". Na buɗe injuna da yawa da ba su kai shekara biyu ba ringinsu, wato zoben fistin da ke gugar jikin silinda, ya cinye, kuma mafi yawansu daga wannan aiken matsalar ta faro. Shi ya sa na ga ya kamata in zayyana yadda nake yi, tun daga zaɓe har zuwa juye, don wanda bai taɓa yi ba.

Kayan da za ka tanada

Littafin da ya zo da taraktar shi ne na farko, kuma ya fi sauran kayan duka muhimmanci. Idan dila bai ba ka ba, koma ka karɓa, haƙƙinka ne. Idan ya ɓata, ɗauki hoton farantin ƙarfen da ke jikin injin, wanda aka buga samfuri da lamba a kai, ka nemi littafin a intanet da wannan lambar, ko ka je wurin wani mai irin taraktarka sak ka ɗauki hoton shafin mai.

Sai ƙaramin littafin rubutu da biro da za su zauna a akwatin kayan aiki na taraktar. Sai man kansa da sabuwar filta. Sai sifana ko soket daidai da notin da ake zubar da mai, da sabuwar washar notin, da abin kwance filta mai bel ko mai sarƙa. Idan babu abin kwance filta, tsohon fambel da aka naɗe a jikinta aka murɗa da ƙarfe yana yi. Kana buƙatar daro mai cin aƙalla lita 12, ko jarkar lita 25 da aka yanke gefenta, da mazurari mai tsafta, da tsumma wanda ba ya zubar da zare. Gorar ruwa da aka yanke tana maye gurbin mazurari, da sharaɗin ta bushe ƙayau.

1. Buɗe littafin ka kwafe abu huɗu

Nemi shafin da ke maganar mai da ruwa, yawanci yana kusa da ƙarshe. Rubuta kaurin man da aka ce, da ajin man, da yawan litar da injin yake ci har da filta, da awar da aka sa wa juyen farko da na bayansa. Tarakta mai silinda huɗu da ƙarfin doki 75, irin su Massey Ferguson 375 da takwarorinta na Mahindra da New Holland da suka cika gonakin Filato, yawanci tana cin tsakanin lita 7 zuwa 10. Kada ka yi aiki da wannan ƙiyasin nawa, yi aiki da lambar da ke littafinka.

2. Kauri: lambar da ke gaban galan

Za ka ga an rubuta SAE sannan lamba, kamar 15W-40 ko 20W-50 ko 40 kawai. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda man yake gudu idan inji yana da sanyi, kuma ƙanƙantarta ita ce saurin gudunsa. Lambar ƙarshe tana nuna kaurinsa idan inji ya ɗau zafin aiki. Wanda aka rubuta 40 kawai kauri ɗaya gare shi, da sanyi sai ya yi nauyi kamar zuma.

A nan Jos wannan ba ƙaramar magana ba ce. Muna kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 10. Masu noman rani na dankali da kabeji a wannan lokacin suke ta da tarakta da sassafe. A daƙiƙun farko bayan an murɗa makulli, kafin mai ya hau ya kai ga metal (ƙarafan da kiranshaf, babbar sandar inji mai juyawa, yake kwance a kansu) da kan inji da tobo (na'urar da ke tura iska cikin inji), ƙarfe yana gugar ƙarfe ne kusan a bushe. Man da ya daskare yakan daɗe kafin ya isa. Ka lura da jar fitilar mai da ke gaban direba: da mai mai kyau tana mutuwa nan da nan, da mai mai nauyi sai ka ga ta tsaya tana kallonka.

Ga yawancin sababbin taraktocin da ke shigowa ƙasar nan, 15W-40 shi ne abin da littafi yake cewa, kuma yana ɗaukar sanyin Jos da zafin Gwagwalada duka. Wasu ƙanana, musamman na Japan, suna son 10W-30. Bi littafinka.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar cewa kauri shi ne inganci. Mutum zai diga mai a yatsa ya murza, ya ce wannan ruwa ne, a kawo mai danƙo. Sabon inji a matse yake, ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai biyu ba, kuma an auna ta ne da man da kamfani ya faɗa. 20W-50 da 50 na tsohon inji ne da ya saki yana shan mai. Haka kuma wannan maganin ƙara kauri da ake sayarwa a ƙaramin gwangwani, kada ya kusanci sabuwar tarakta.

3. Aji: rubutun da ke bayan galan

Wannan ne mutane ba sa dubawa, alhali ya fi sunan kamfani muhimmanci. Juya galan ɗin ka nemi haruffa API, alamar cibiyar man fetur ta Amurka wadda ke tsara ajin mai. Abin da ya biyo baya idan ya fara da C, na injin gas ne. Idan ya fara da S, na injin fetur ne. Tarakta gas take sha, don haka C kake nema.

Ajin yana hawa ne da harafi na biyu. CF tsoho ne. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 kuma a 2016. Idan littafinka ya ce CH-4, za ka iya sa CI-4, domin na sama yana rufe na ƙasa. Amma ba a saukowa: wanda aka ce ya sa CI-4 kada ya sa CF don ya fi araha. Akwai wani aji da ake kira FA-4, na wasu manyan motoci ne na zamani, ba ya maye gurbin sauran, ka bar shi.

Galan da yawa suna ɗauke da biyu a haɗe. Dubi wanda aka fara rubutawa. CI-4/SL man injin gas ne da zai iya aiki a injin fetur. SL/CF man ƙananan motoci ne, ko da mai shago ya rantse maka cewa yana yi wa tarakta. Bambancin a sinadaran da ke ciki yake. Injin gas yana haifar da kunkunniya mai yawa da kuma tsami, shi ya sa ake zuba wa mansa sinadaran da ke riƙe kunkunniyar kada ta taru ta zama kwalta, da waɗanda ke kashe tsamin kafin ya ci metal. Man injin fetur ba a yi shi don wannan nauyin ba.

Idan taraktar ta Turai ce, kana iya ganin ACEA E7 ko E9, wato ajin mai na Turai, maimakon API, ko tare da shi. Nemi wannan rubutun a galan kamar yadda yake. A kasuwarmu Rubia TIR 7400 na TotalEnergies, da Delvac MX na Mobil, da Rimula R4 X na Shell duk 15W-40 ne na injin gas, kuma akwai na kamfanonin gida da suka cika wannan aji. Ni ba na ɗaure kowa a kan suna ɗaya. Wanda ka zaɓa dai ka tsaya a kansa, ka zaɓi wanda za ka riƙa samu kusa da kai ko da tsakiyar damina ce.

4. Duba salansar taraktarka da irin gas ɗin da kake sha

Wasu taraktoci na zamani, musamman manya da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda littafi zai kira DPF, wasu har da tankin AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi, mai shuɗiyar murfi. Irin waɗannan dole ne su sha mai mai ƙarancin toka, wato CJ-4 ko CK-4 ko E9. Idan aka sa musu CI-4, tokar za ta toshe matatar, kuma kuɗin sauya ta yana da ciwo. Taraktar da ba ta da wannan matata, CI-4 ya ishe ta.

Sannan gas ɗin kansa. Farar wutar da ke cikin gas, wadda ake kira sulfa, ita ce ke zama tsami a cikin mai. Littattafai da yawa suna cewa idan ta yi yawa a rage awar juye, wasu har rabi. Wanda yake sayen gas a jarka a bakin hanya ko a ƙauye, gara ya ɗauka cewa wannan gargaɗin da shi ake.

5. Kada ka haɗa man inji da man baya

Tarakta ba mota ba ce, wuraren shan mai gare ta daban-daban. Giyabos da akusul ɗin baya da haidurolik da ke ɗaga garma, a yawancinsu tukunya ɗaya suke sha, mai cin lita 30 zuwa 50 ko fiye, kuma birkin yana nutse a cikin wannan man. Mansa daban ne, ana rubuta UTTO a jikinsa, tare da lambar kamfani kamar M1143 ko M1145 na Massey Ferguson, ko J20C na John Deere.

Shekarun baya wani dattijo daga wajen Barkin Ladi ya kira ni gonarsa, tarakta wata huɗu da saye. Ya ce, "Malam, zo ka ji abin da take yi, ko an sayar mini da tsohuwa ne aka yi mata fenti?" Na hau na taka birki a kwana, sai ta yi wani gurnani, duk jikinta yana karkarwa har cikin sitiyari. Na zaro gejin baya, wato sandar awon mai, na shinshina, na tambayi direban, yaro matashi mai hankali. Ya ce, "Wallahi Oga, na ga ya sauka ne, sai na cika da ragowar man juye, na ɗauka duk mai mai ne." Lita kusan goma ya zuba. Allah ya taimaka ba a daɗe ba, muka zubar da komai muka sa na gaskiya, ƙarar ta tafi bayan kwana biyu. Da an ƙara wata guda, da farantan birkin sun tafi. Ban ga laifin yaron ba, babu wanda ya taɓa nuna masa. Idan kana da direba, kai shi gaban taraktar ka nuna masa kowace murfi da man da ke shiga cikinta, ka rubuta a jikin jarkokin da fenti.

Akwai mai guda da ake rubuta wa STOU wanda ke yi wa inji da baya duka. Sai littafinka ya ambace shi da kansa za ka yi amfani da shi.

6. Saye, da guje wa jabu

Duk abin da na faɗa a sama ba shi da amfani idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Akwai masu tattara tsofaffin galan su cika da man da aka tace ko ɗanyen mai marar sinadari, su liƙe murfi. Saya a gidan mai na kamfanin, ko wurin babban dila, ko wurin wanda ya sayar maka da taraktar. Idan za ka shiga Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Jos, je da bakaniken da ka amince da shi, shagon da aka san mai shi shekara da shekaru, ba tebur ba.

Duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, da takardar azurfa da ke ƙarƙashin murfin. Duba lambar rukuni da ranar da aka yi shi, a buge suke da na'ura, ba sa gogewa da yatsa. Wanda aka yi a gida yakan ɗauki tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON. Idan ka buɗe, sabon mai garai yake kamar man gyaɗa mai kyau, babu ƙaurin ƙuna, babu gari a ƙasa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na gidan mai sosai alama ce babba. Man awo na durom da ake ɗiba da gwangwani, ko wane suna aka kira shi, bai dace da sabon inji ba.

Karɓi rasit ka adana. Idan wani abu ya samu injin a cikin garanti, abu na farko da dila zai tambaya shi ne wane mai ka sa da kuma yaushe.

Ka yi lissafin damina tun yanzu. Taraktar haya da ke aiki awa 10 a rana tana cinye awa 250 a ƙasa da wata guda, don haka jarkar lita 20 ko 25 ta fi galan-galan sauƙi. Ajiye ta a ɗaki, a rufe, nesa da ruwan sama da ƙura.

7. Awa 50 na farko

Kada ka zubar da man da taraktar ta zo da shi don kana ganin naka ya fi tsada. Wasu kamfanoni, kamar John Deere, suna zuba mai na musamman don ringi ya zauna daidai a jikin silinda, kuma sukan ba shi awa 100. Yawancin sauran awa 50 suke sa wa juyen farko. A wannan lokacin ringi da silinda suna goge juna ne har su dace, shi ya sa man farko yake fitowa da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe idan ka haska shi a rana. Wannan ba matsala ba ce, amma shi ne dalilin da ya sa ba a wuce awar.

A waɗannan awannin ka sa ta aiki na gaske amma matsakaici: haro, jan tirela, kana sauya giya da ƙarfin wuta. Kada ka bar ta tana silo, wato inji a kunne ba a ba shi wuta ba, awa da awanni a tsaye, domin silinda za ta yi santsi kamar gilashi, ringi ya ƙi zama, ta fara shan mai tun tana sabuwa. Kada kuma ka danna ta cikin ƙasa mai tauri da babbar giya har tana baƙin hayaƙi. Idan mai ya sauka kaɗan, cika da irin wanda littafi ya ce. Man roba mai tsada, wanda ake kira sintetik, ka jinkirta shi har inji ya zauna, sai dai idan littafin ne ya ce da shi za a fara.

Idan yarjejeniyar garanti ta ce dila ne zai yi juyen farko, kira shi tun awa 40, ka tsaya a wurin ka ga galan ɗin da za a buɗe.

8. Juyen kansa

Ta da inji ya yi minti goma ya ɗau ɗumi, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka sauke garma ƙasa, ka kashe ka zare makulli. Goge kewayen murfin mai da na filta kafin ka buɗe komai. Sa daro, kwance notin, ka kiyaye hannunka domin man yana ƙuna. Ba shi minti goma sha biyar ya tsiyaye. Tabbatar notin inji ka kwance, ba na giyabos ba, kusa suke da juna a wasu taraktocin.

Cire tsohuwar filta ka duba ko robarta ta manne a jikin inji. Idan ta manne ka ɗora sabuwa a kanta, mai zai tsere gaba ɗaya cikin minti kaɗan. Shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ka murɗa da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da ƙarfe. Mai da notin da sabuwar washa, a ɗaure amma ba da bututu ba. Idan babu sabuwar washar jan ƙarfe, gasa tsohuwar a wuta har ta yi ja, ka bar ta ta huce, za ta yi laushi ta sake kamawa sau ɗaya.

Zuba mai ka rage rabin lita daga abin da littafi ya ce. Ta da inji a silo, idonka a kan jar fitila. Idan ba ta mutu cikin daƙiƙa goma ba, kashe nan take. Idan ta mutu, bar shi minti biyu kana leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sannan ka kashe, ka jira minti biyar zuwa goma, ka duba geji ka cika zuwa layin sama. Kada ka wuce layin. Man da ya yi yawa kiranshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, ya fara turo sil, wato robar da ke hana mai yoyo.

Wasu na wanke cikin inji da gas ko kananzir kafin su zuba sabo. Kada ka yi. Ragowarsa yana tsinka sabon man.

Rubuta kwanan wata, awar da mita ta nuna, sunan mai da lambar filta a littafinka.

9. Tsakanin juye da juye

Bayan na farko, yawancin littattafai awa 250 suke cewa, wasu 300, wasu 500 da man kamfaninsu. Ni a ƙurar hunturu ko da gas ɗin da ban yarda da shi ba, ba na wuce 200. Ko awar ba ta cika ba, shekara ɗaya ta isa a juye, kuma ya fi kyau a yi a ƙarshen aiki kafin a ajiye ta, kada ta kwana watanni da tsamin tsohon mai a cikinta. Idan mitar awa ta mutu, direba ya riƙa rubuta lokacin tashi da na tsayawa kullum har a gyara.

Kowace safiya kafin a ta da ita a zaro geji. Baƙin da man ya yi bayan kwana biyu kada ya tsorata ka, a injin gas haka yake, alama ce yana kwashe kunkunniya. Abin tsoro shi ne ya koma fari-fari kamar shayi da madara, wannan ruwan lagireto ne ya shiga. Ko ka ga yana ƙaruwa da kansa yana warin gas, wannan nozul ko famfon gas ne ke zuba ciki. Duk wanda ka gani a cikin biyun, kada ka ta da ita, kira bakanike. Idan tana da tobo, bar ta a silo minti biyu zuwa uku kafin ka kashe bayan aiki mai nauyi. Idan matatar iskarta irin mai kwanon mai ce a ƙasa, man inji iri ɗaya ake zuba mata zuwa layi, kuma a lokacin ƙura kullum ake duba ta.

Idan ka maƙale a gona can cikin Bokkos mai ya sauka kuma babu irin naka, cika da kowane 15W-40 na gas mai aji ɗaya, haɗa kamfani biyu don cikawa ba ya ɓata inji. Idan shi ma babu, SAE 40 na gas zai kai ka gida, sai ka juye da wuri. Tsohon man da ka zubar kuma ka zuba shi a jarka ka rufe, ka kai gareji wurin masu tarawa. Kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya da kududdufan ban ruwa, kuma kada a shafa wa shanu a kan ƙaska ko miki kamar yadda wasu ke yi, domin yana ɗauke da gubar ƙarfe da ke shiga fata.